Ƙuri'ar da ta Ci Idon Bernadine

Bernadine Sabol ta daɗe tana tuƙa motar makaranta a garinmu, Kessler Run, kuma ban taɓa jin yaron da ya yi mata rashin kunya sau biyu ba. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, taba ta dusashe mata murya tun tana budurwa. Shinge kawai ya raba gidanmu da nasu, tare aka kai mu makaranta, coci ɗaya muke zuwa. Yawancin abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Ubansu, Ondrej, a bakin tanderu yake aiki a ma'aikatar ƙarfe, kamar uban kowa. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu aka cire shi daga makaranta aka tura shi can, bai taɓa sa rigar ƙwallo ba, abin kuma ya tsaya masa a rai har tsufa. A garinmu in an ce ƙwallo, zari-ruga ake nufi, ta hular kwano da karo, wadda 'yan sakandare ke bugawa gari duka ya fito kallo. Da aka haifi Emil, ƙanen Bernadine, sai Ondrej ya ɗora masa duk burinsa. Ya ɗaure tsohuwar katifa a jikin bishiyar bayan gida, kullum ya dawo daga aiki sai ya sa yaron ya yi ta rugowa yana kai mata karo da ka, har hancinsa ya fashe. Daga tagar ɗakin girkinmu muke jin bishiyar tana girgiza.

Ranar da 'yan makarantar tsallaken kogi suka ci mu a wasa, Emil yana ajin farko na sakandare, Ondrej ya ja shi ɗakin girki ya cire bel, ya juyo gefen ƙarfen. Uwarsu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa kamar yadda ta saba. Bernadine ce ta sauke kaskon ƙarfe daga kan murhu, da sauran mai a ciki, ta sauke shi a kan hannun uban. Ƙashin wuyan hannun ya karye gida biyu. A wurin aiki Ondrej ya ce rodi ne ya faɗo masa. Daga ranar bai sake dukan Emil a gabanta ba, sai ya jira ta fita.

Emil ya tashi ƙato, wuyansa da kansa kauri ɗaya. Guduma ake ce masa. Ba gudu gare shi ba, ba dabara, amma in ya sunkuyar da kai ya nufi mutum, sai an zo da makara a ɗauke shi daga fili. Akwai yaron da ya karya wa haƙarƙari uku a gabanmu, muka tashi tsaye muna tafi, har da ni, har da Fada, limamin cocinmu. Emil ma yakan suma. Sai a ja shi gefe, a shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci, koci ya ɗaga masa yatsu. Wata rana ya ɗaga biyu, Emil ya ce uku, koci ya ce ai ya yi kusa, ya koma ciki. Shekara da shekaru ana ba da wannan labari a mashaya ana dariya. A shekararsa ta ƙarshe suka ci kofin yanki, aka yi wa kowane ɗan wasa ƙaton zobe mai dutse.

Ba jami'ar da ta ɗauke shi, don takardunsa ba su yi kyau ba. Ya bi ubansa ma'aikata, ya auri wata yarinya mai sanyin hali, Dolores. Bai kai talatin ba ciwon kai ya kama shi. Sai ya ajiye motarsa ya manta inda take, ko ya fashe da kuka a teburin abinci, jim kaɗan kuma ya kife teburin. Sau da yawa Bernadine ce ke zuwa ta ɗauko Dolores da kumburarren baki, ta ajiye ta a gidanta har ya huce. Amma duk ranar wasa yana layin gaba da tsohuwar rigarsa, kuma ba ya sayen giya da kuɗinsa a garin nan.

Ita Bernadine ta auri wani mutumin kirki mai suna Duda, sai dai ba wanda ya taɓa kiranta da sunansa. Ɗansu Lenny yana rarrafe sarƙar injin ɗaga kaya ta tsinke a ma'aikata, ta raba mijin da kafaɗarsa, ya mutu kafin a fito da shi. A nan ta fara tuƙi. Da safe ta kwashi yara, ranar wasa kuma ita ke kai 'yan ƙwallo garuruwan maƙwabta, inda ake tarbar motarmu da duwatsu. An taɓa jefo rabin bulo ta gilashin gaba ya tsaga mata goshi. Ta taka burki, ta sauka da sifanar taya a hannu, jini ya rufe mata fuska, ta bi samarin har cikin wani lambu. Ta dawo ta ɗaure kai da tawul ɗin wani ɗan wasa, ta kai su fili a kan lokaci. Kada wani ya ce maka ta tsani ƙwallo. A filin nan ba muryar da ta fi tata, alkalan wasa sun san zaginta.

Sai ma'aikata ta rufe, a farkon shekarun tamanin. Mutane suka riƙa loda kaya a mota suna yin kudu, gidaje suka zama kango, harajin gidaje da ake riƙe makarantu da shi ya ƙafe. Bernadine ta tsaya takarar kwamitin makarantun gunduma ne don an ƙi gyara birkin motarta, kuma ta ci, don kowa ya san ta. Ba ta san abin da ta shiga ba. A hunturun nan injin ɗumama azuzuwa na firamaren kan tudu ya mutu, yara suna karatu da safar hannu. Ruwan ƙanƙara ya jiƙa rufin, wata safiya silin ya rufto a kan wata yarinya 'yar aji biyu, ya karya mata ƙashin kafaɗa. Bernadine ce ta ɗauke ta a hannu ta kai asibiti.

Shugaban makarantun, Mista Aldridge, ya gaya wa kwamiti gaskiya: abin da ya rage ba zai ɗauki rufin firamare da malamai da ƙwallo gaba ɗaya ba. Ko a sallami malamai a bar rufin, ko a tsayar da wasanni.

Masu son ƙwallo ba mahaukata ba ne, mijina Walt yana cikinsu. Suka ce iyaye maza suna zaune a gida ba aiki, in aka ƙwace wa samari fili ina za su nufa in ba mashaya da sata ba. Suka ce ƙwallo ce kaɗai ƙofar da ɗan talaka ke bi ya shiga jami'a kyauta, ita ce kuma kaɗai abin da ya rage ake kiran sunan garin da shi. Ga kuma Lenny. Shi ke jefa ƙwallo a ƙungiyar, hannunsa kamar an auna, har mutanen wata jami'a sun zo kallonsa, sun ce za su dawo baɗi, shekararsa ta ƙarshe.

Ina gidan ranar da Lenny ya yi mata maganar. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya kusa cika ta.

"Mama, shekara ɗaya ce. Ki bari in gama, sannan ku rufe duk abin da za ku rufe."

"Baɗi ma akwai ɗan wata da zai ce shekara ɗaya."

"Ni ba ɗan wata ba ne."

Ta ci gaba da firar dankali, ba ta ɗago ba. Da ya fita na ga ta yanke yatsa, jini yana ɗiga a cikin kwano, ba ta ma lura ba.

An yi taron ne ranar Asabar da rana a zauren wasanni, don ɗakin kwamiti ba zai ɗauki jama'a ba. Su tara ne a teburin. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka ce a tsayar da wasanni, huɗu suka ce a bari, saura ita a ƙarshen tebur. Emil yana layin gaba da rigarsa da ta daina rufe masa ciki. Ya ɗaga murya yana murmushi, don shi a ganinsa an gama.

"Yaya, ki tuna gidan da kika fito."

"Na tuna, Emil," in ji ta. Ta juya ga makirufo ta ce a tsayar.

Ban ga wanda ya fara jefa kujera ba. Irin ta ƙarfen nan ce mai naɗewa, ta sami Mista Aldridge a baki, haƙoransa suka zube a kan tebur. Daga nan zauren ya kaure. Iyayen 'yan firamare da iyayen 'yan ƙwallo, mutanen da suka yi shekaru suna aiki a tanderu ɗaya, suka kama wuyan juna. Aka tattake wata tsohuwar malama a bakin ƙofa, ƙugunta ya goce. Wani ya buga kan maƙwabcinsa a jikin bango har sai da aka ɓamɓare shi. Walt ya dawo da karyayyen yatsa, ya rantse bai san fuskar wa ya samu ba. Sai da aka kira 'yan sandan garuruwa biyu. Bernadine kuwa tana zaune a kujerarta har aka watse, wani ya tofa mata yawu a gashi, ta goge da hannun riga.

Abin bai tsaya a zaure ba. Aka farfasa tayoyin motar makaranta, aka jefa bulo ta tagar falonta, aka rubuta mata zagi da jan fenti a ƙofa. A kanti mutane suka riƙa barin layi in ta shiga. Tana da wani tsohon kare mai ɗingishi da ke bin ta ko'ina. Wata safiya masu sharar makaranta suka same shi a rataye a ƙarfen gola na filin ƙwallo, an ɗaure masa hular kwano a ka. Lenny ne ya hau ya kwance shi, ya haƙa ƙasa mai ƙanƙara ya binne shi. Duk da haka bai yi wa uwarsa magana ba. A gida ɗaya suke, tana ajiye masa abinci, yana ci in ta tashi.

Lokacin azumin kafin Ista ya zo. Kowace Juma'a mu matan coci mukan taru a ɗakin ƙasa muna naɗe pirohi na sayarwa, wasu na murza kwaɓin fulawa, wasu na cusa dankali da cuku, manyan tukwane na tafasa. Rabin matan ba sa gaida Bernadine, amma ba mai saurin hannunta, don haka ba wadda ta ce kada ta zo. Lenny ke sauko mana da buhunan fulawa daga mota, don Fada ya roƙe shi.

Wata Juma'a da hantsi Emil ya sauko. Ba warin giya a jikinsa, wannan ne ya fara ba ni tsoro. Idonsa ɗaya yana rawa, yana dafe da gefen kai.

"In pirohi ka zo saya, layi yana waje," in ji Bernadine.

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Ya ce a mashaya an daina zama kusa da shi, ana ce masa ƙanen mayya. Ya ce ta koma ta gaya musu ta yi kuskure, a sake ƙuri'a, shi ke nan kowa ya huta. Yana magana a hankali, kamar abin da ya haddace a hanya. Ta ce masa ba za ta koma ba. Ta ce ya je gida ya sha maganinsa, in ta tashi za ta kawo masa na cuku, waɗanda yake so.

"Ni za ki mayar yaro?"

"Kai ne ka ƙi girma, Emil. Dubi rigar da ke jikinka."

Ya sunkuyar da kai ya taho. Ya same ta a ƙirji, suka tafi da teburin gaba ɗaya, fulawa ta tashi ta cika ɗakin. Ya hau kanta ya shiga naushi da hannun da zoben kofin yake. Ina jin ƙarar kowane ɗaya. Muka yi kansa da sandunan murza fulawa, matan da ba sa gaida ta su ne a gaba, muna ta bugun bayansa kamar muna bugun bango. Wata ta watsa masa ruwan zafi a kafaɗa, bai ko waiga ba. Ya yi wurgi da wata tsohuwa ta bugi murhu. Bernadine ta cusa masa yatsu a hanci, ta ciji hannunsa, amma ƙarfinta ya ƙare. Da ya miƙe tsaye don ya tattaka ta, na ga fuskarta, na ga inda idon hagu yake a da.

A daidai nan Lenny ya sauko da buhu a kafaɗa. Ya sake shi. Bai yi ihu ba, bai kira sunan kowa ba. Ya rugo ya sunkuya, ya ɗauki kawunsa ta cinyoyi, ya tafi da shi da baya. Ƙeyar Emil ta sauka a bakin kwamin wanke-wanke na ƙarfe. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen reshe.

Tukwane suna ta tafasa. Emil yana kwance a cikin fulawa, idonsa a buɗe, hannuwansa a yashe. Ya dubi Lenny da ke durƙushe a kansa yana haki.

"Karo ya yi kyau, yaro," ya ce. Can kuma ya ce, "Ina ƙafafuna?"

Mota ɗaya ta kai su asibiti. Likitoci suka cire abin da ya rage na idon Bernadine, suka ɗaure mata muƙamuƙi da waya. Emil kuwa lakarsa ta tsinke, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi sai 'yan yatsu biyu. Ba a gurfanar da Lenny ba, don duk matan da ke ɗakin sun faɗi abu ɗaya, cewa ran uwarsa ya ceta. Da 'yan sanda suka zo wa Bernadine da maganar ƙarar ƙanenta, ta nuna musu ƙofa da hannu, don ba ta iya magana. Lenny ya gama makaranta ya shiga sojan ruwa, ko bikin kammalawa bai tsaya ba. Dolores ta haɗa kayanta ta tafi wurin 'yar'uwarta, ba kuma wanda ya ga laifinta.

Mai ido ɗaya ba ya tuƙa yara, don haka aka karɓe motar. Bernadine ta koma wanke tukwane a ɗakin girkin makaranta. Da asibiti suka ce za su tura Emil gidan nakasassu na jiha, ta je ta ɗauko shi, ta sa masa gado a falo. Na ce mata ta haukace. Ta ce ta leƙa gidan, ko kare ba za ta kai can ba.

Ba zaman daɗi suka yi ba. Bakinsa lafiya lau yake, da shi yake yaƙi. Ya zage ta da safe, ya zage ta da yamma, ya tofar da abinci, sau ɗaya ya kama yatsanta da haƙori sai da na taimaka muka buɗe bakin da cokali. Ita ma ba ta raga masa. In ya ce mata mai ido ɗaya, sai ta ce ya taso ya rama mana. Wasu ranakun kuma sai ya manta komai, ya tambaye ta wa ya yi mata wannan aika-aika a fuska, ya ce ta faɗa masa sunan mutumin ya je ya same shi. Sai ta ce masa ƙofa ce ta buge ta.

An gyara rufin firamare a bazarar nan, ba a sallami malami ko ɗaya ba. Samari kuma, kamar yadda su Walt suka faɗa, wasu sun lalace. Biyu daga abokan Lenny sun tafi kurkuku kan fasa kantin magani, ɗaya ya mutu a mota yana tsere a bakin kogi. Bayan kaka biyu iyaye suka dawo da ƙwallo da guminsu, da sayar da soyayyen kifi da wankin motoci. Shekaru da yawa bayan nan yara suka yi ƙaranci, jiha ta haɗe gundumarmu da ta tsallaken kogi, jikokin masu jifanmu da namu suka sa riga ɗaya. A zaɓe na gaba Bernadine ta sha kaye, ko ni ban tabbata Walt ya zaɓe ta ba.

Da aka dawo da wasa Emil ya ce sai an kai shi. Ta tura shi a keken guragu har bakin fili, ta rufe shi da bargo, ta zauna kusa da shi. Mutane suka rasa inda za su sa idonsu. Ba a kai rabin wasa ba aka ji muryarta tana gaya wa alkalin wasa cewa ita mai ido ɗaya ta fi shi gani. Daga nan ba su fasa zuwa ba har ciwon huhu ya kashe shi, yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai. Sabon koci ya zo ya ce 'yan wasa suna so su ɗauki akwatin gawar. Ta ce su ɗauka, dama yana da nauyi.

Lenny ya zo jana'izar da matarsa da 'yarsu, karo na farko tun tafiyarsa. Ya yi furfura da wuri. Bayan an watse na gan su ta taga, shi da uwarsa, suna kwance gadon falo suna fitar da shi gunduwa-gunduwa. Ban san abin da suka ce wa juna ba, ba ta kuma gaya mini ba. Ya roƙe ta ta bi su garinsu a jihar Virginia, ta je ta yi wata guda ta dawo, ta ce garin ba tudu ko ɗaya, kuma burodinsu kamar auduga. A gidanta ta mutu, a kujera, rediyo yana kunne. Ni na same ta da na kai mata miya.